Gishirina a Koramar Gwashi

A bakin gulbin Gummi na girma, na san halinsa: a hankali yake cika, ya ba ka kwanaki ka kwashe kayanka. Korama kuwa, a wurina yashi ce kawai.

Daminar da soja suka miƙa mulki, na ɗauko gishiri a a-kori-kurata. Kusa da Gwashi taya ta yi faci a tsakiyar wata busasshiyar korama. Na sa aka sauke buhunan a kan yashi don a ɗaga motar. Wata tsohuwa mai tallan nono ta tsaya.

"Alhaji, hidda kayanka. An yi ruwa Anka."

Na dubi sama, rana ƙwal. Na ce, "Inna, ina Anka, ina nan? Zuba mini nono."

Ban shanye ba muka ji rugugi. Jan ruwa ya taho gaba ɗaya, ɗauke da itatuwa. Wallahi ban taɓa ganin kwarjini irin wannan ba, har na shagala da kallo. Da ƙyar muka tura motar tudu. Gishiri kuwa, ko buhu ɗaya bai tsira ba, duk ya narke ya bi ruwa zuwa gulbi.

Har yau masuntan Gummi in sun hango ni sai su ce, "Alhaji, kifin bana ya yi lami. Yaushe za ka koma Gwashi?"