Rasuwar Allo Mai Kibiyoyi na Ƙofar Sakatariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Yohanna Bulus, akawun teburin tambaya a sakatariyarmu ta nan Sakkwato, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikina kuma rufin asirina, Allo Mai Kibiyoyi, wanda ya faɗi a bakin ƙofa ranar Laraba da hantsi, bai kuma sake tashi ba.

An haifi marigayin a Ƙofar Marke, a rumfar Istifanus mai fenti, da katakon maɗaci mai kyau. Kafin Istifanus ya tsoma buroshi, sai da ya zauna a ƙofarmu yana sauraron abin da ke kawo mutane. Ya lura babu mai zuwa da sunan ofis a bakinsa, kowa da damuwarsa yake tafe. Sai ya zana jariri ga mai neman takardar haihuwa, famfo ga wanda aka yanke wa ruwa, keke ga mai son lasin, saniya ga mai neman allurar dabbobi, kowanne da kibiyarsa da rubutun boko da na ajami. Tsohuwar da ba ta san bihim ba takan ɗaga kai sau ɗaya ta wuce abinta.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ce wa kowa ya dawo gobe ba, bai taɓa fita cin tuwo ya bar mutane a rana ba, ko ɓarin goro bai taɓa karɓa ba. Maganarsa duka ba ta wuce "ƙiiƙ, ƙiiƙ" in iska ta taso. A inuwarsa na yi aikin gwamnati cikin mutunci: in an tambaye ni, na nuna shi da leɓe, na koma kan jaridata. Har takardar yabo aka ba ni.

Ciwon ajali ya shigo tare da kuɗin man fetur. Sababbin sassa suka riƙa tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan fari, kowane shugaban sashe ya zo da kibiyarsa da Turanci, ya ce tasa za a kafa a sama, ta kuma fi ta maƙwabcinsa girma. Aka rufe jariri da suna mai tsawon kamu biyu. Aka rufe saniya, sai jelarta ke leƙowa. Kowane kantoman soja da aka turo mana sai ya sauya wa ofisoshi ɗakuna, kuma babu mai ƙarfin halin cire tsohuwar kibiya, don ba a san ranar da mai ita zai dawo da ƙarin girma ba. Tun marigayin yana nuna hanya, har ya koma kibiyoyinsa suna nuna juna.

Na san ciwon ya yi nisa ranar da wani dattijo daga Ƙofar Kware ya dawo gabana yana haki, da yanar gizo-gizo a hularsa, ya ce, "Malam akawu, wanga allo naku lahiya tai? Lasin keke nika biɗa, sai ga ni ɗakin tsintsiya!" Na ba shi haƙuri, na sake nuna masa allon da leɓe, don ban da shi ba ni da wani abin nunawa.

Ranar Laraba aka kawo kibiya ta baƙin ƙarfe daga Sashen Daidaita Sauran Sassa. Kafinta ya ɗora ƙusa ya kai guduma. Marigayin ya ce "ƙiiiiƙ" mai tsawo, irin wadda ban taɓa ji ba, sannan ya ce "rim!" Wallahi sai da na yi hawaye.

Ya rasu ya bar ƙafafu biyu a cikin siminti, da ƙusoshi masu yawa, da iyalan gara da ya riƙe tun suna ƙanana, da Kaltume mai ƙosai wadda ta rasa inuwa, sai kuma ni. Ni ne maraicin ya fi dafawa. Sabon kantoma zai zo duba ma'aikata ranar Litinin, an kuma ce daga teburina zai fara, ni zan shige masa gaba ofis-ofis. Ga shi zamanin nan a rediyo mutum ke jin an sallame shi nan take. Tun Laraba nake zagaya bene ina leƙa ƙofofi, har shugaban sashen ruwa na tarar a baranda yana cigiyar ofishinsa. Matata Dorcas ta fara tambayar kuɗin mota zuwa garinmu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a murhun Kaltume, wadda ta karɓi gawar da hannu biyu tana cewa, "Ku kawo shi nan, maɗaci na, shi ka kai ni har Sallah." Zaman makoki kuwa a ɗakin taro ne. Marigayin ya bar kibiya uku game da inda ɗakin yake, mai zuwa ta'aziyya sai ya zaɓi wadda ta kwanta masa, kada dai a tambaye ni.

Kibiya ɗaya ce ba za a ƙona ba, ƙaramar nan ta asali mai nuna ƙofar fita. Ita kaɗai ce babu shugaban da ya taɓa yin rigima a kanta, ita kaɗai ce har yau take faɗin gaskiya. Na goge ta na ajiye a kan teburina, saboda Litinin.