Wa Ya Kashe Goho?

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban taron ma'aikatan laburare a Gummi na tuhumi wata dattijuwa da kisan jaki ba.

Bari in faro daga tushe. A lokacin ni ke kula da laburaren wata makarantar firamare a Anka. (Na ce laburare ne don in girmama kaina. Tsohon sito ne mai kanta biyu da tabarma, sai taga ɗaya da ba ta rufuwa.) Yawancin littattafanmu kyauta ce da aka kawo mana a shekarun da gubar dalma ta addabi ƙauyukanmu, lokacin da baƙi masu taimako suka cika gari. Da damina littattafan suka iso cikin kwali a bayan kabu-kabu, ruwa kuwa ya yi wa kwalin dukan tsiya a hanya. Da aka buɗe, wasu bangonsu ya fita, wasu takardunsu sun manne da juna. Na zage na shanya su a rana, na jiƙa ƙaro a gwangwani, na yini ina liƙi. Tun daga ranar nake kiran kaina likitan littafi. Ba wanda ya ba ni wannan sarauta, ni na naɗa kaina.

Cikin waɗanda na yi wa jinya akwai wani ɗan littafi mai hotuna, labarin wata yarinya Rabi da jakinta Goho. Yara ba su da abin so kamarsa. Goho jaki ne mai taurin kai da son ciki, kowane shafi da ɓarnar da zai yi, aji ya yi ta dariya. Sai a shafin ƙarshe, yana ɗauke da kayan harawa da yamma, ya faɗa wani tsohon rami. Rabi ta leƙa ta kira shi, bai amsa ba. Ta sake kira, shiru. Ta koma gida tana kuka. Daga nan sai bango.

Duk shekara in na karanta wa sabon aji, in na zo nan sai in sassauta murya, in rufe littafin a hankali in ce, "Haka duniya take, yara. Ƙurunƙus." Wasu su shiga share hanci da gefen hijabi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har ɗan daɗi nake ji, wai na iya karatu mai ratsa zuciya.

Wadda ta ɓata mini wannan daɗi ita ce Luba. Daga wajen Bagega aka kawo ta gidan gwaggonta, bayan ƙanenta ya rasu a ciwon nan na dalma. Yarinya ce marar magana, ko a filin wasa gefe take zama. Ranar da na karanta wa ajinsu labarin ba ta yi kuka ba. Sai da kowa ya fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don mi ba a hiddo shi ba?"

Na ce haka mai littafin ta rubuta.

"Ba ta da igiya ta? Garinsu babu mutane?"

A ƙasarmu da ramukan haƙar zinariya suka cika daji, ba yaron da bai san abin da shirun cikin rami yake nufi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da kaina ba, da marubuciyar. Wace irin mace ce za ta zauna a birni ta kashe jaki don ta sa 'ya'yan mutane kuka? Na ce wa Luba in Allah ya haɗa ni da matar nan sai na gaya mata gaskiya ido da ido. (Na yi alkawarin ne da ƙarfin gwiwa saboda na tabbata ba za mu taɓa haɗuwa ba. A tunanina marubuta ko dai sun mutu, ko suna wata ƙasa.)

Sai ga sanarwa daga ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare: za a yi taron shiyya a Gummi, an kuma gayyato marubutan littattafan yara. Har da mai Goho. Da na faɗa wa aji, Luba ta kalle ni, na gane alkawari ya zo karɓar kayansa.

Na ciro babbar rigata ta sallah, na sa littafin a aljihun gaba, na shiga mota. A Daki Takwas abokina Malam Sahabi ya shigo, shi ke riƙe da laburaren wata makaranta a Bukkuyum, tare muka yi kwalejin horon malamai. Tun kafin ya gama gyara zama na fara karanta masa jawabina. Ya saurara har ƙarshe yana tauna goro, sannan ya ce, "Ni dai shawarata, in an tashi shan shayi ka ja ta gehe ka tambaye ta. Kak ka yi wagga magana gaban jama'a."

Na ce, "Gaban jama'a tak kashe shi, gaban jama'a za ni hwaɗa mata."

Ya ce, "To, Allah shi kai mu lahiya."

Wanda bai ji bari ba, in ji masu magana, zai ji hoho.

Zauren ya cika da mutanen sana'armu, daga masu manyan laburare na kwalejoji har irina masu sito. An yi ta jawabai a kan gara da ɗigon rufi da yaran da ke aron littafi su mayar da shi da tabon miya. Ban ji rabin abin da aka faɗa ba, idona na kan teburin manyan baƙi. Marubuta uku ne. Akwai wani saurayi mai tabarau da ke zana hotunan littattafansa da kansa, da wani dattijo mai yawan barkwanci, sai ita. Na zo da tsammanin ganin mace mai ɗaurarriyar fuska, sai na ga 'yar tsohuwa mai fara'a, tsohuwar malamar makaranta daga wajen Zariya, kowa na ce mata Hajiya. Tana magana tana kwaikwayon kukan dabbobi, manyan mutane masu furfura suna ƙyaƙyata dariya. Na ce a raina, ka ji mugu da daɗin baki.

Da aka ba da damar tambayoyi, hannuna ne ya fara tashi. Sahabi ya ja gefen rigata, na fizge. Aka miƙo mini makirufo.

Na fara da gabatar da kaina, kuma ban yi rowa ba. Na ce ni ne mai laburaren makaranta kaza a Anka. Na ce duk littafin da ke ɗakina, in ya yage, da hannuna nake gyara shi, ban taɓa yarda wani ya taɓa mini ba. (Ku riƙe wannan jimla. Ni ma da na san abin da za ta jawo mini, da na riƙe ta a bakina.) Daga nan na juya ga Hajiya. Na kawo zancen yaranmu da abin da suka gani na rashi. Na kawo zancen Luba, ban faɗi sunanta ba. Muryata ta hau rawa, rabi don tausayi, rabi don na ga ana saurarona. Na rufe da tambayar da na yi ta maimaitawa tun daga Anka: "Hajiya, mi Goho yai miki da kinka kashe shi?"

Wallahi har tafi aka yi mini. Wata malama a layin gaba ta share ido.

Hajiya ta gyara zaman tabaranta ta ce, "Malam, wane Goho?"

Na ce na littafinta.

Ta ce, "Ai nawa bai mutu ba."

Mai hankali a nan zai zauna. Ni kuwa sai na zaro littafin daga aljihu na ɗaga sama kamar lauya ya kama mai laifi, na ce ga shaida. Ta ce in kawo mata. Na taka har gaban tebur, babbar riga na ta kaɗawa, na ajiye shi a gabanta.

Ta buɗe shafin ƙarshe ta duba. Ta juya littafin. Ta matsa bangon baya tsakanin yatsunta, ta ce, "Wannan bango ya yi kauri." Ta ɗaga shi wajen hasken taga, sannan ta tsoma yatsa a kofin ruwan da ke gabanta ta jiƙa kusurwar. Ta zare allurar mayafinta ta sa a gefen, ta shiga ɓamɓarowa a hankali. Ni kuwa nan take na gane kalar abin da ke ɓarɓashewa a kan tebur. Ƙaro ne. Ƙarona.

Abin da ya fara leƙowa kunnen jaki ne, a tsaye ƙyam.

Ashe ranar da na yi jinyar littattafan nan, takardun ƙarshe sun jiƙe sun manne da juna. Ban tsaya dubawa ba, na ɗauka farar takardar baya ce, na shafe su da ƙaro na danne a jikin bango don ya yi ƙwari. Ya kuwa yi ƙwari.

Hajiya ta ɗauko sabon kwafi daga jakarta, ta karɓi makirufo ta karanta wa zaure abin da ya rage. Da gari ya waye Rabi ta tara mutanen ƙauye, suka zo da igiyoyi da raƙumi. Aka leƙa ramin, sai ga Goho a kwance kan harawar da ya faɗa da ita, ya cinye fiye da rabi. Bai amsa kiran Rabi ba ne saboda bakinsa a cike yake.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dattijon nan mai barkwanci har da dukan tebur. Malamar da ta yi mini hawaye ta sake yin wasu, amma na daban. Sahabi kuwa, abokin arziki, ya sunkuya ƙarƙashin benci kafaɗunsa na rawa. Na tsaya a tsakiyar fili cikin rigar sallah, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Shugaban taro, don ya taimake ni, ya ce wataƙila wanda ya riƙe laburaren kafin ni ne ya yi liƙin. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Ai ya ce da hannunai yaka gyarawa, bai yarda kowa shi taɓa!" Aka sake fashewa.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Da aka tashi shan shayi (lokacin da Sahabi ya ce in same ta tun farko) ta sa aka kira ni. Na je ina sunkuyar da kai ina ba da haƙuri. Ta ce, "Bar wannan, Malam. Ni ban taɓa ganin wanda ya yi fushi saboda jakina haka ba, na gode. Yarinyar nan da ka ambata, yaya sunanta?" Na faɗa mata. Ta miƙo mini sabon kwafin tare da tsohon nawa, ta ce, "Ka ce wa Luba Goho yana gaishe ta. Kuma ka gaya mata an zo da igiya." Wannan magana ta fi dariyar zauren duka sa ni jin kunya.

A mota Sahabi bai bar ni na huta ba. Kafin ya sauka ya ce, "Ka ce ma yara kai kas sa ta tuba tac canza labari. Wa zai sani?" Na ce Allah ya kiyaye. Amma in faɗi gaskiya, daga Daki Takwas har Anka shawarar nan nake juyawa, kuma kullum ƙara kyau take.

Ranar Litinin na tara ajin a tabarma na karanta musu sabon kwafin. Da aka zo wajen harawa, ɗakin ya kaure da ihu. Wani ya ce, "Malam ya sa an tada Goho!" Suka hau tafi. Ni kuwa na yi shiru, na gyara hula, na bar tafin ya ɗan daɗe. Ban yi ƙarya ba, amma ban hana ta zama ba.

Na manta tsohon littafin yana kan tebur. Luba ta ɗauka, ta buɗe baya, ta ga kunnen nan da ɓarɓashin da ke kewaye da shi. Ta shinshina. Duk makarantar ba wanda bai san warin gwangwanina ba.

"Malam," ta ce, "wanga ƙaro naka na?"

Na ce nawa ne.

Ta dube ni, ta dubi jakin, ta ce, "Ashe kai na kak kashe shi."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke sa yaro ya riƙe ciki. Tun zuwanta makarantar ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Na isar mata da gaisuwar Goho da saƙon igiya. Ta rungume littafin ta ce a ba ta aro ta kai wa gwaggonta, na ba ta, ban ko yi mata kashedin tabon miya ba.

Saura waɗanda suka riga suka gama makaranta da mataccen jaki a zuciya. Har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwa, wani ya fi ni tsawo, sai in tsayar da shi in ce, "Ka tuna Goho? To bai mutu ba." Wasu su yi murna, wasu su dube ni kamar na fara taɓuwa. A taron ƙungiya kuwa ba mai tambayata iyali, gaisuwata ɗaya ce: "Likita, ya jikin Goho?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ma ban taka ba, a aljihu na sa shi na kai Gummi, na ɗaga sama don kowa ya gani. Yanzu in zan tuhumi mutum da kisan jaki, sai na fara shinshina hannuna, in ji ko akwai warin ƙaro.