Ranar da Bos Ya Zama Mutumin Kirki

Tasi'u mai gidan kallo na unguwarmu mutum ne da tarihi bai taɓa hana shi barci ba. Shi dai a cika masa benci, janareto kada ya yi gardama, shi ke nan duniya ta yi masa daɗi. Ana nan sai ga wani fim ɗin Indiya ya shigo, fassarar Hausa, amma ba irin na soyayyar nan da ake zagaya bishiya ana waƙa ba. Na siyasa ne zalla, labarin wani shugabansu na da, da irin makircin da aka riƙa ƙullawa a fadarsa. An ce can ƙasar tasu ma rigima ake yi a kansa: wasu na cewa an ɗauko azzalumi an wanke shi tas, wasu na cewa sai yanzu aka faɗi gaskiya. Da Tasi'u ya ji haka sai ya hau murna, don a saninsa fim mai rigima shi ke jawo 'yan kallo.

Ya kuwa jawo su, har ya jawo abin da ya fi su. Ranar farko ana tsakiyar kallo Nazifi, wani ɗan kwaleji, ya miƙe da waya a hannu ya ce shi ya karanta, wannan shugaba mutane ya ɗaure ba adadi, fim ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta. Gambo mai faci ya ce ai ga shi nan kowa na gani da idonsa, mutum yana raba wa talakawa shinkafa yana hawaye, wace ƙarya kuma? Daga nan gidan ya rabu biyu. Mutanen da ko taswirar Indiya aka ba su sai sun riƙe ta a juye, su ne suka dage kan wani bawan Allah da ya mutu tun kafin a haifi iyayensu. Kafin mako ya zagayo an karya benci, an fasa wa wani leɓe, maƙwabta sun kai ƙara.

Ran nan da la'asar sakaliya sai ga Kansila Lurwanu ya faɗo gidan, riƙe da wani ƙaton kwaɗo sabo ful. A bayansa ga Alhaji Ɗanjummai yana riƙe masa waya yana washe baki. Wannan Ɗanjummai kuwa, bara waccan babu dandalin da Kansila bai hau ya kira shi ɓarawon taki ba. Amma tun da ya yayyaga katin 'yan adawa ya koma jam'iyyar su Kansila mai mulki, Kansila ba ya kiransa sai da "dattijon arziki".

Tasi'u na ganin kwaɗon ya taso da sauri. Wannan rumfar kwano ita ce gonarsa, ita ce kasuwarsa, da ita yake ciyar da iyali. In aka garƙame ta, sai dai ya koma tura baro.

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini rai. Wallahi ni ban san mutumin nan ba, ban haɗa komai da shi ba. Fim kawai na saka."

Kansila ya ce, "Fim ɗin da ke fasa wa 'ya'yan mutane baki? Kunna in gani da idona, kada a ce na yi hukunci da ji-ta-ji-ta."

Tasi'u ya kakkaɓe masa kujerar roba, ya ja janareto yana addu'a a zuci. 'Yan kallo suka lallaɓo suka cika bencinan baya. Abin da Tasi'u bai sani ba shi ne, Kansila tsohon ɗan silima ne, irin waɗanda suka sha bulala a kan tsallake katanga don kallon fim ɗin Indiya. Ana nuno shugaban cikin fararen kaya, ya haɗa hannuwa yana gaishe da talakawa, sai Kansila ya zabura har hularsa ta karkace.

"Kai, tsaya! Tsayar da shi nan! Wannan ba bos ba ne?"

Tasi'u ya ce, "A wannan fim ɗin dai shi ne jarumin, ranka ya daɗe."

"Jarumin wa? Ni za a gaya wa wannan mutumin? Tun ina ɗan firamare nake ganinsa yana ƙona gidajen manoma. Ya jefa uban jarumi a kogi a gabana. Ya sace amarya ranar ɗaurin aure, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ko dariyarsa ka ji ka san ba ta Allah ba ce!"

Alhaji Ɗanjummai ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙwarai kuwa, Honarabul. Mugun iri ne."

Kansila ya ƙara hawa, ya ɗaga kwaɗon sama yana kaɗa shi. "Ashe yaran nan da gaskiyarsu! Wannan ai rainin hankali ne. Mutum kowa ya san aika-aikarsa, dare ɗaya a yi masa aski, a sa masa farar riga, a ce mana waliyyi ne, a shafe duk abin da ya yi kamar ba a yi ba? To, Tasi'u, kai ka kawo shi unguwar nan, kai za ka amsa. Ka gaya mini yadda aka yi mugu irin wannan ya zama mutumin kirki. In ka gamsar da ni, in mai da kwaɗon nan aljihu. In ka kasa, yau ɗin nan zan rufe."

Gumi ya karyo wa Tasi'u. Shi bai iya Indiyanci ba, tarihinsu kuwa ko na sisin kwabo bai sani ba. Ya ɗaga kai neman agaji, idonsa ya sauka kan Alhaji Ɗanjummai, wanda har lokacin bai daina gyaɗa kai ba. Sai ya share goshi, ya ƙara russunawa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ai sauya sheƙa ya yi. Jam'iyyarku ya shigo."