Awon Mahauta Ashirin da Bakwai

"Ni Jika, kwamfuta ce take jin tsorona! Shekara tara ina wannan sana'a, ko harafi ɗaya bai taɓa ɓace mini ba. Masu kwafe kayan mutane su ajiye gefe kafin su fara gyara, ai ba su yarda da hannunsu ba ne."

Haka yake faɗa kullum a ƙofar shagonsa da ke Kwararafa, mu kuma 'yan zaman benci muna ta "Sai Injiniya!" Kada ka tambaye ni abin da muka sani game da kwamfuta. Shayi yake saya mana.

Ranar Litinin sai ga Nwabueze tela, rungume da laftof kamar jariri. Alhaji Salim, babban mahauci a Abattoir, zai aurar da ɗansa ranar Asabar, ya kawo ɗinkin anko na mahauta ashirin da bakwai. Chisom, 'yar Nwabueze, ita ta auna su ta zuba awon a laftof, sannan ta tafi bautar ƙasa. Yanzu laftof ɗin sai ta hau ta tsaya.

"Oga Jika," in ji Nwabueze, yana miƙa masa ɗan filas na ajiye bayanan kwamfuta, "Chisom ya ce kafin kowa ya taɓa, a kwafa komai a nan tukuna."

Jika ya riƙe filas ɗin da yatsa biyu. "Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mini aiki? Je ka yi ɗinkinka, maigida."

Muka ce, "Sai Injiniya!"

Ya wanke laftof ɗin tas, ya zuba mata sabon tsari, ta tashi garau tana gudu. Ya juyo ya kashe mana ido. Da ya buɗe wurin da awon yake, sai ya ga fili fetal. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya busa mata iska. Wallahi har jijjiga ta ya yi kusa da kunnensa. Duk sanyin Jos, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

Mai hankali sai ya je ya ce, "Maigida, na yi ɓarna, a sake awo." Amma da wane baki? Sai Jika ya ce a ransa, ai idona ma tef ne. Ya leƙa shagon tela da sunan gaisuwa, ya kwashe sunayen da ke jikin ƙullin yadi, ya hau keke sai Abattoir. Dama duk ya san mahautan. Ya riƙa zagaya su yana ƙare musu kallo daga kafaɗa zuwa idon sawu, yana rubutu a tafin hannu. Don kada a gane, sau uku yana sayen kayan ciki. Wani ma sai da ya ɗaga wuƙa ya ce, "Malam, naman kake tayawa ko ni?"

Washegari ya mayar da laftof da sabon awo a ciki. Nwabueze ya duba, ya ɗaure fuska.

"Alhaji Salim ya rame haka?"

"Ya daina cin kitse," in ji Jika, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune sai muka hango mahautan tafe, su ashirin da bakwai, cikin shadda ruwan toka. Wani wandonsa ya tsaya a gwiwa. Wani hannun rigarsa na sharar ƙasa. Alhaji Salim na gaba, riga ta shaƙe shi, hannuwansa a buɗe ya kasa sauke su. Nwabueze na biye, idonsa jajir. Shekara talatin yana yi wa Alhaji ɗinki, yau ga sunansa a ƙasa, ga biki gobe. Gaskiya ya ba ni tausayi, don haka na koma bayan mai shayi.

"Matsalar daga kamfani ne," Jika ya fara.

Nwabueze ya kira Chisom a waya ya buɗe murya. "Baba, kwantar da hankalinka," in ji ta. "Akwai kwafin da na yi tun farko a filas ɗin. Ku karɓa a wurin Injiniya."

Kowa ya juyo. Jika kuwa ya zuba wa rediyon mai shayi ido. Tun ranar Litinin ya goge filas ɗin ya cika shi da waƙoƙi, ga shi can a soke, kwana biyar muna kaɗa kai.

Alhaji Salim bai yi faɗa ba, rigar ba ta bar shi ya yi numfashin faɗa ba. Tef ya sa aka rataya wa Jika a wuya. A nan bakin titi, a gaban duk Kwararafa, Injiniya ya durƙusa yana auna tumbin mahauta ɗaya bayan ɗaya, don tela ya ga abin da zai ceto kafin gobe. Da ya gama, ya miƙa takardar awon.

Alhaji ya dube ta, ya mayar masa.

"Zauna ka sake rubuta wata, Injiniya. Mu ba mu yarda da hannunka ba."