Ranar da Kaka Ya Kori Gauraki

"Lafiya lau na kwana, ganinki ne dai ya ɓata min safiya," in ji Kaka, yana gyara hula a ƙofar dausayin da aka killace wa tsuntsaye.

Na ce masa tsuntsaye zan ɗauka hoto, amma shi nake hari. Kakata ta rasu ba mu da hotonta ko ɗaya, shi kuwa da ya ga kyamara sai ya juya ƙeya.

"Tsoho, taka a hankali. Gadar katakon nan ba don masu ƙafa uku aka yi ta ba."

"Ji mai bakin tsiya! Nan duk gonar shinkafarmu ce tun ba a haifi ubanki ba."

"To mai gona, yi shiru. Mai gadi ya ce ko tari ba a yi."

Muka laɓe a rumfar kallo. Can sai ga gauraki sun sauka bakin ruwa, suna taku kamar an biya su. Na saita kyamara, na riƙe numfashi.

"Haaa! Kai! Kai!" Kaka ya daka tsawa, yana kaɗa sanda.

Gauraki, balbelu, agwagin ruwa, duk suka yi sama.

"Kaka! Don me ka yi haka?"

"Hannun ne, ba ni ba. Da korar tsuntsu daga shinkafa na girma."

"An kawo ka kallo, ka kama aiki! Na fasa auren, tsoho."

"Dama na gaji. Gobe zan samo mai kunya."

"Da wane haƙorin za ka yi mata murmushi?"

Ya yi dariya har da tari, sai kuma ya kafa ido a kan wani tudu.

"Can kakarki take tsayawa, gonarsu ce. In na kora su sauka wajenta, ita kuma ta koro min su. Haka muke wuni muna jifan juna da tsuntsaye. Muryarta na fara sani kafin fuskarta."

"Yaya fuskar take a lokacin?"

Ya kawar da ido daga tudun.

"Ta fara ɓace min, 'yar nan."

Ya dubi kyamarar, ya ba ni sandarsa, ya gyara wuyan riga.

"To mummuna, kin ci. Ɗauka, ki sa tudun a bayana. In na fito da muni kuma, laifin hannunki ne."