Ranar da Na Tare wa Amaryarmu Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena Sanusi a Bakura ba, don a nan bakina ya tona min asiri.

Amaryar, Hajjo, 'yar makiyaya ce daga Damaga. Ni kuwa na ɗan yi karatu a Talata Mafara, ina jin kaina (takardar ma da ƙyar na samo ta), sai na ɗauki karan tsana na ɗora wa yarinya tun ban gan ta ba. Babu ƙawar da ban kai wa gulmarta ba.

Da aka kawo ta, Inna ta ce ni zan kula da ita, kuma ba a yi wa Inna musu. Na riƙa kai mata ruwan wanka, ina ɗaura mata ɗankwali, ina "Sannu amaryarmu" da murmushin da bai wuce leɓe ba. Ban san lokacin da wasa ya zama gaske ba. Na dai tsinci kaina ina zaɓo mata tsoka mai kyau a miya, ina korar yaran da ke damunta.

Ranar wuni, tsakar gida cike da mata, sai ƙawata Rabi ta dubi amarya ta ce, "Wagga ko da turare anka wanke ta, sai ta yi ƙarnin nono."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na riƙe ƙugu. "Wace marar tarbiyya ta hwaɗa maki haka?"

Rabi ta dube ni sama da ƙasa. "Ke mana. Har gidanmu kinka zo kinka hwaɗa mani."

Mata suka kwashe da dariya, har mai rabon fura ta tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dariyar mata ba ta dame ni ba kamar tsoron kada Hajjo ta juya min baya, yanzu da nake son ta.

Sai na ji an ja bakin zanena. "Yaya, zamna," in ji Hajjo a hankali. "Na ji wagga magana tun ina gida. Ni abin da ni gani ni riƙe."

Na zauna ina hawaye. Har yau ina jinjina ikon Allah: na yi ta kyautata mata da ƙarya, ashe zuciyata na bin hannuna a baya ban sani ba.

Yanzu kafin in tashi neman wanda ya fara wata muguwar magana, sai na tabbatar ba ni ba ce.