Yadda Za Ka Kai Surukarka Gidan Tarihi da Yamma

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka zagaye gidan tarihin da ya fi kowanne cika a garinku ba tare da an taka maka ƙafa ko sau ɗaya ba. Ni na gwada, kuma har yau ana maganar a dangi.

1. Samu wanda za ka burge

Kada ka je kai kaɗai, ilimin da babu mai kallo wahala ce kawai. Ni surukata ce ta zo mana kwana huɗu. Shekara tara da auren 'yarta, abin da ta sani a kaina shi ne ina fita da jaka, ina dawowa da ciwon baya. Da kunnena na ji tana tambayar matata a kicin: "Wai shi baban yaran nan, ban da ofis, ya san wani abu kuwa?" Washegari na sanar cewa za mu gidan tarihi.

2. Raina masu zuwa da safe

Safiya ta motocin 'yan makaranta ce da masu ɗaukar hoto. Kai ka isa saura awa ɗaya a rufe, kuma ka faɗi haka da muryar wanda ya saba. Matata ta ce, "Yaushe ka taɓa zuwa?" Na ce mata wannan sirrin masana ne. Gaskiyar ita ce wani abokin aikina na ji yana faɗa, ban ma tsaya jin ƙarshen zancen ba.

3. Manta tabarau a mota

Da yamma ana rage fitilu, rubutun bayanin da ke jikin gilashi kuwa ƙanana ne kamar tururuwa. Kada ka koma ka ɗauko. Motar tana nesa, kuma masani ba ya karanta allo a gaban surukarsa.

4. Ji daɗin nasararka

Dabarar ta ci. Babu layi, babu turereniya. Ɗaki ƙato, daga mu uku sai wani dattijo mai gadi a kan kujerar roba, makullai a cinyarsa. Abin da abokin aikina bai faɗa ba, ko ya faɗa bayan na tafi, shi ne cunkoso rufin asiri ne. Cikin jama'a in ka yi shirme, hayaniya ta haɗiye. A ɗakin da babu kowa, kowace kalma sai ta bugi bango ta dawo maka.

5. Yi bayani da ƙarfin hali

Fara da abin da ba ya ɓoyuwa. Takobi takobi ne, tukunya tukunya ce. Ka haɗa hannu a baya, ka girgiza kai, ka ce, "Wannan ya daɗe ƙwarai." Ka yawaita faɗin "ƙarni". Surukata har ta ce "Ikon Allah" sau biyu, na ji kaina ya ƙara girma.

Sai muka zo wani akwatin gilashi a lungu. A ciki akwai wani baƙin ƙarfe mai murfi, da mariƙin katako, da 'yan huji a gefe. Na matse ido a kan allon, ban ga komai ba sai layuka.

"Wannan," na ce, "abin ƙona turare ne na manyan mutanen da. Ta hujin nan ƙamshi yake fita. Ba kowa ake bari ya taɓa shi ba."

Makullan mai gadi suka daina motsi. Matata ta tsunkule ni a gwiwar hannu, na ɗauka yabo ne, na ƙara da cewa ya kai ƙarni biyar.

6. Yi shiru

Wannan matakin ba ni na ƙirƙiro shi ba, dole ce ta koya mini.

Surukata ba ta dube ni ba. Ta matso har numfashinta ya taɓa gilashin, ta ce wa 'yarta, "Ki gaya wa mijinki dutsen guga ne. Na gawayi." Ta janye hannun rigarta, ta nuna wani tsohon tabo a wuyan hannu. "Ga sa hannunsa nan. Bayan rasuwar babanku, da irinsa na yi wa mutane guga shekara goma sha biyu. Da shi kuka yi makaranta."

Mai gadi ya taso. "Hajiya, mai zakara a murfi ne naki, ko marar zakara?"

"Mai zakara."

"Ai shi ne mai nauyin. Mahaifiyata ma shi ta riƙe."

Suka tsaya suna hirar yadda ake hura gawayi, da yadda toka take ɓata farar riga a guga ta ƙarshe, sai a sake wanki. Matata tana share ido da gefen mayafi, domin ba ta taɓa jin labarin tabon ba. Lokacin rufewa ya wuce da minti ashirin, dattijon bai ko kalli agogo ba. Ni kuwa na tsaya a baya riƙe da jakunkuna biyu, aikin da ya dace da ni tun farko.

7. Karɓi sakamako

A mota babu wanda ya ambaci turare. Da muka iso ƙofar gida ta ce, a karon farko kai tsaye gare ni, "Allah ya yi albarka, ɗan nan. Ka kai ni inda ya kamata." Na amsa da amin, ban gyara mata cewa ba da gangan ba ne. Kai ma kada ka gyara.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da ya same ka, ko a gidan tarihi ko a wajen surukai. In ka ji kunya, taka ce. Tawa ta iso bayan mako biyu cikin kwali, direban motar haya ya kawo: dutsen gugarta ne, da zakaransa, ta aiko wa jikokinta su gani. A jikinsa an manna takarda da manyan haruffa, yadda ko babu tabarau za a karanta: BA NA TURARE BA NE.